Yadda Za Ka Zaɓi Injin Gona a Kebbi: Motar Yankan Ciyawa, Ƙaramar Tarakta ko Mai Ƙafa Biyu

Tun daga 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, mutane da yawa da suka daɗe rabonsu da fartanya sun koma gona. Ma'aikaci ya sayi fadama a Suru ko Augie, ɗan kasuwa ya kewaye lambun mangwaro a hanyar Kalgo, mai ritaya ya koma Zuru ya buɗe gonar gado. Kuɗin ƙwadago kullum hawa yake, ga shi ranar da kake neman ma'aikata ita ce ranar da kowa ke nemansu. Daga nan sai tunanin sayen inji ya shigo. Mutum ya buɗe Facebook ya ga wata 'yar mota mai kujera da sitiyari da tayoyi huɗu, ja ko koriya, kuɗinta bai kai rabin na tarakta ba, sai zuciyarsa ta ce ai ga ta nan.

A hoto kam sun yi kama, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Motar yankan ciyawa da ake hawa injin fetur gare ta, ƙarfin doki 15 zuwa 25, wuƙaƙenta na ƙarƙashin ciki, bel ne ke juya su, nauyinta wajen kilo 200. An ƙera ta don shimfiɗaɗɗen fili mai gajeriyar ciyawa. Ƙaramar tarakta kuwa gas take sha, ƙarfin doki 20 zuwa 45, tana da hannuwa uku a baya masu ɗaga garma da ƙarfin mai, da sandar ƙarfe mai juyawa sau 540 a minti wadda ke tuƙa injin barzar ƙasa ko na sassabe. Akwai kuma ta uku, wadda a ƙasarmu ta fi biyun nan yawan amfani: tarakta mai ƙafa biyu da ake bi a baya, wadda manoma ke kira fawatila, doki 8 zuwa 15. Duk wanda ke da fadama bai kamata ya yanke shawara ba sai ya sa ta cikin lissafi.

Fara da rubuta aikin, kafin ka tambayi farashi

Ɗauki takarda ka rubuta duk aikin da ake yi a filin daga farkon damina zuwa ƙarshen rani: sassabe, huɗa, haro, yin kunya, daidaita kwamin shinkafa, jigilar taki, kwaso buhuna daga gona zuwa titi, ban ruwa, casa. A gaban kowanne ka rubuta abin da ka kashe a kansa bara. Inda kuɗin ya fi taruwa, nan injin zai yi aiki.

In ka duba takardar ka ga akwai aiki ko ɗaya da ya shafi tona ƙasa, to maganar motar yankan ciyawa ta ƙare. Ba ta huɗa, ba ta haro, kuma giyarta ba ta jure jan kaya mai nauyi. 'Yar amalanke mai buhu biyu ko uku za ta ja a fili mai kyau, iyakarta ke nan. Wanda ya ɗaura mata garma zai ƙone bel a ranar, giya ta biyo baya.

Akwai wani abu kuma da masu tallarta ba sa faɗa, domin a ƙasashen da ake ƙera ta ba matsala ba ce. A can ciyawa shara ce, a nan kuwa kuɗi ce. Motar nan niƙe ciyawa take yi ƙanana-ƙanana ta watsar, ba abin da za ka ɗaure ka ɗora a rumfa don tumaki da shanun kiwo. Mai lambu a Gwandu ko Jega, in ya bar ciyawar ta tashi, akwai masu zuwa da lauje su yanke masa kyauta su tafi da ita, wani lokaci har su biya. Sayen injin da zai sha fetur ya lalata abin da ake saye, a ganina, ba dabara ba ce. Ga shi a arewacin jihar ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne galibi, sauran watanni takwas motar tana ɗaki.

Inda take da amfani ƙalilan ne amma akwai: filin ƙwallon makaranta, harabar otal ko wurin biki, babban gida mai dasasshiyar ciyawa da ake ba ruwa duk shekara. In irin wannan ne naka, kuma ba ka da niyyar noma, saye ta, tarakta za ta yi maka yawa, tayoyinta ma za su ɓata ciyawar.

Mataki na biyu: auna filin da gaske

Yawancinmu da ido muke auna gona, kuma ido ƙara mata girma yake yi. Wanda ke cewa yana da hekta goma, in an zagaya da na'ura sai a tarar shida ce. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, wato eka biyu da rabi kusan. Akwai manhajojin waya masu auna fili, kana tafiya a kan iyaka suna lissafi. In ba ka yarda da waya ba, nemi malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kebbi, ya auna maka.

Ba girman kaɗai za ka duba ba. Gona ɗaya ce a dunƙule, ko guntu-guntu ce, wannan a tudu, waccan a ƙetaren gulbi? Kwamin shinkafarka mita nawa ne? Tarakta mai ƙafa huɗu tana son wurin juyawa, a ƙananan kwami rabin lokacinta a juye-juye zai ƙare, tana kuma rushe maka gaɓar da ka biya aka ɗaga. Duba faɗin ƙofar lambu, da tazarar da ke tsakanin itatuwa, da tsayin rassan ƙasa. Sannan ka bi hanyar da injin zai bi daga gida zuwa gona a watan Agusta, ba a watan Maris ba.

Na uku: ƙasar ita ce mai hukunci

Nan ne Kebbi ta rabu kashi-kashi, kuma shawarar da ta yi wa mutumin Argungu daidai tana iya cutar da na Zuru.

A fadamun Gulbin Rima, daga Augie da Argungu zuwa Birnin Kebbi, Bunza da Suru, laka ce mai nauyi. In ta jiƙe tana riƙe taya, in ta bushe tana tsagewa ta yi tauri. Babbar tarakta irin Massey Ferguson 375 da muka saba gani ta haura tan biyu, ƙaramar tarakta tana kai tan ɗaya ko fiye, fawatila kuwa 'yan ɗaruruwan kilo ce. Idan aka cire mata tayoyin roba aka sa na ƙarfe masu haƙora, tana shiga kwami da ruwa a ciki ta dama taɓo yadda dashe ke so. In ta kafe, mutum huɗu sun isa su fitar da ita. Tarakta in ta nutse har ciki sai an nemo wata taraktar, kuma mai ita ya san kana cikin matsi. Wani alherin fawatila shi ne ana ɗora ta a bayan a-kori-kura. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san darajar injin da za a iya kwashewa daga fadama cikin awa guda.

A tudu da jigawa, inda ake gero da dawa da wake da gyaɗa, ƙasa ba ta da nauyi kuma gonaki sun fi faɗi. Nan ƙaramar tarakta ke nuna kanta, da haro da garmar kunya da tirela. Sai dai fa ka tambayi kanka ko ta fi shanun huɗa riba a girman gonarka. Bijimai biyu suna huɗa, suna jan amalanke, suna ba da taki, bayan 'yan shekaru ka sayar da su da kuɗi fiye da yadda ka saya. Babu taraktar da ke yin wannan. A gonar tudu da ba ta wuce hekta uku ko huɗu ba, ni shanu zan ce, in dai wurin yana da kwanciyar hankalin da za a iya ajiye dabba.

A yankin Zuru da wasu sassan Yauri ruwa ya fi yawa, ciyawa ta fi tsayi, ga duwatsu da gangare da kututture. Motar yankan ciyawa cikinta a ƙasa yake, dutse ɗaya zai lanƙwasa wuƙa ko ya karya sandar da ke riƙe ta. Abin da ke aiki a nan shi ne injin sassabe da ake ɗaura wa tarakta a baya, mai kaurin wuƙa da ke lanƙwashewa baya in ta bugi abu mai tauri. Mai faɗin ƙafa huɗu ya dace da tarakta mai doki 20 zuwa 30. A irin wannan ƙasa ka nemi tarakta mai ja da ƙafa huɗu, mai kuma ƙarfen kariya a saman kujera saboda kifewa a gangare.

Ƙaya kuma ta ko'ina ce. Ta aduwa da ta bagaruwa suna huda siririyar tayar motar ciyawa kullum, faci ba zai ƙare maka ba.

Na huɗu: lissafin awa

Ga hanyar da za ka san yawan aikin kowane inji ba tare da ka dogara da bakin dillali ba. Ɗauki faɗin abin da injin ke ja a mita, ka ninka da gudunsa a kilomita cikin awa, ka raba da 10. Abin da ya fito shi ne hekta a awa. Sai ka zubar da kusan kashi uku cikin goma saboda juyawa da tsayawa.

Ƙaramar tarakta mai injin barzar ƙasa na mita 1.2, tana tafiyar kilomita 3 a awa: 0.36, bayan ragi 0.25, wato hekta ɗaya a awa huɗu. Fawatila mai faɗin santimita 60 a gudun kilomita 2: 0.12, bayan ragi bai kai 0.1 ba, wato hekta ɗaya aikin yini guda ne cur ko fiye, kuma mai bin ta zai san ya yi aiki. Motar ciyawa mai faɗin inci 42 a gudun kilomita 6 tana gama filin ƙwallo cikin awa ɗaya da rabi.

Yanzu koma kan gonarka. A ce hekta biyar gare ka, ana bi sau biyu kafin shuka, damina da rani. Biyar sau huɗu sau biyu sau biyu, awa 80 ke nan a shekara. Ƙara jigila, ka ce 150. Injin tarakta an yi shi ne ya yi dubban awoyi. Ka zuba miliyoyi a abin da zai yi aikin sati uku ya kwanta, batir na mutuwa, taya na tsagewa a rana, ɓera na cin waya. Mai irin wannan gona hanya biyu gare shi: ko ya ci gaba da haya, ko ya saya da niyyar yi wa maƙwabta aiki a biya shi. Ta biyun sana'a ce mai zaman kanta, da bin bashi da rigimar direba da komai, kada ka shige ta da sunan kana sauƙaƙa wa kanka noma.

Matsalar haya dai kowa ya san ta: layi. Kowa na son tarakta a sati biyun nan na farkon ruwa, kuma direba ya fi son babbar gona a bakin titi. In jinkirin nan na ci maka amfanin gona duk shekara, sa shi cikin lissafi a matsayin asara. Kafin ka saya kuma, gwada haɗa gonakinku da maƙwabta ku kira tarakta rana ɗaya, ko ta ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN, ko ta masu haɗa manomi da mai tarakta irin Hello Tractor.

Sai mai. Fawatila mai doki 12 tana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na gas a awa, tarakta mai doki 35 lita uku zuwa biyar gwargwadon nauyin aikin. Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsohuwar hujjar cewa injin fetur ya fi sauƙin ciyarwa ta yi rauni sosai.

Na biyar: nemo makanike kafin ka nemo inji

Je wurin masu gyaran tarakta a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu, duk wanda ya fi kusa da gonarka, da hoton injin a waya. Ka ce, "Oga, ka taɓa buɗe irin wannan? In famfon mansa ya mutu, ina za mu samo?" In ya ce, "Alhaji, akwai shi a nan," ko "Kwana biyu ya iso daga Kano," to madalla. In ya juya wayar yana kallo ya ce sai an yi oda daga waje, ka haƙura komai kyawun injin. Araha ba ta ado.

Wannan ne ke kayar da yawancin motocin ciyawa da ƙananan taraktocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai ko Japan. Injin lafiyayye ne, amma bel ɗaya mai wani tsayi na daban ko filta ɗaya sai ta ajiye shi wata uku. Fawatila 'yar China mai silinda ɗaya kuwa danginta ɗaya da injin niƙa da na casar shinkafa, kusan kowane gari akwai mai kwance ta ya ɗaura. Massey Ferguson ma haka, kayanta sun bazu. Taraktocin Indiya irin Mahindra da Sonalika suna da ƙanana, amma ka tabbatar da kayan wannan samfurin takamaimai, ba na kamfanin kawai ba.

Na shida: duba injin da kanka

In sabo ne, abin dubawa kaɗan ne: takardar garanti, littafin injin, da wanda zai yi sabis na farko. In na hannu ne, ka tafi da makaniken da ka samo, kai za ka biya shi, ba mai sayarwa ba.

Ka ce za ka zo da sassafe kuma kada a tayar kafin ka iso. Da isarka ɗora tafin hannu a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, kuma akwai dalili. Za a ce maka, "Ranka ya daɗe, yanzun nan muka matsar da ita daga rana." Ka yi murmushi ka ce za ka dawo gobe. Injin gas da ya gaji a sanyin safiya yake tona kansa.

Kafin a murza makulli, zaro sandar gwajin baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. Buɗe lagireto ka duba ko mai na yawo a saman ruwan. Buɗe gidan filtar iska, ka sa yatsa a bututun da ke bayanta: in ka shafo ƙura, injin ya sha ƙurar hunturu kai tsaye kuma zobbansa sun ci. A tayar, ka tsaya ta wajen salansa. Ɗan baƙin hayaƙi a farko ba komai. Shuɗin hayaƙi da ba ya ɗaukewa baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai yawa bayan injin ya yi zafi, ko ruwa ne ko matsalar nozul. Buɗe murfin zuba baƙin mai injin yana aiki, in yana huci da ƙarfi kamar tukunya, aikin inji na jiranka.

Sannan a ɗaura garma mai nauyi, a ɗaga sama, a kashe injin. Ku tsaya kuna hira minti goma kana kallonta ta gefen ido. In tana sauka a hankali, famfon ɗagawa ko robobinsa sun gaji. Kada ka yarda da agogon awa shi kaɗai, ana canza shi. Duba fedar kuloci da ta birki yadda suka side, da girgizar sitiyari, da ramukan da fil ke shiga a hannuwan baya ko sun zama ƙwai. Sabon fenti a kan tsohon giris alama ce da ba ta buƙatar bayani. Tayoyin baya kuma ka tambayi kuɗin sababbi a kasuwa kafin ciniki, don suna da tsada ƙwarai.

Ƙarshen gwaji a gona ne, ba a kan titi ba. A sa garma a ƙasa a yi rabin awa. Nan za ka ga ko tana zafi, ko kuloci na sulɓewa, ko giya na fita da kanta.

Na bakwai: ciniki

Tarakta ba garma ba ta da amfani, don haka kuɗin haro da garma da tirela su shiga cikin jimla tun farko, kuma su zama daidai ƙarfinta. Garma mai faifai uku ta babbar tarakta ce, mai doki 35 zuwa 45 faifai biyu za ta ja. Ka rage wani abu a hannu don mai da gyaran kakar farko. A rubuta yarjejeniya da lambar inji da lambar jiki, da shaidu, ka ga rasidin asali. In taraktar ta fito daga wani rabon gwamnati ko bashin banki, tabbatar an gama biya kuma mai ita yana da ikon sayarwa. In kuɗin haɗaka ne da 'yan'uwa ko ƙungiya, a rubuta tun yau wanda za a fara yi wa aiki da wanda zai biya in ta lalace a gonar wani.

Bayan ta iso gida

Direba ɗaya tak, wanda ya iya, kuma ka biya shi a kan hekta ko awa tare da littafin da ake rubuta gonar wa aka yi, awa nawa, lita nawa. Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awa 50 na farko, daga nan a bi abin da littafinsa ya ce, galibi awa 200 zuwa 250 ga tarakta, ƙasa da haka ga fawatila da motar ciyawa. Lokacin hunturu a duba filtar iska kowace safiya. Gas na jarka a bar shi ya kwanta, a tace kafin a zuba, domin ruwa da datti ne ke kashe famfon mai.

Kada kowa ya matso kusa da sandar baya mai juyawa da babbar riga ko rawani ko gyale, cikin ƙiftawar ido take naɗe tufa da mai ita. A kashe inji kafin a sa hannu a cire ciyawar da ta naɗe. In za a ja kaya ko a fitar da abin da ya kafe, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, ba a sama ba, in ba haka ba tarakta na iya tashi ta kifo da baya. Yara kuma ba sa hawa kan murfin taya, ko da na maigida ne, ko da daga gona zuwa gida ne kawai.